Guɗar da Na Yi wa Mai Gyartai

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka Kano lafiya, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronsa a makarantar nan ta aikin jinya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum. Babanki yana gaishe ki, shi da bai iya sallama ba sai dai ya yi ta gyaran murya yana duba tayar kekensa. Matan zumunta ma sun ce in gaishe da 'yar gaban mawaƙansu, wai kin tafi kin bar su da Lami, mai murya kamar ana jan ƙofar langa-langa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girmana na koya a ajin yaƙi da jahilci na majami'a. Magana ce na so in faɗa miki da baki tun kafin ki ɗaure kaya. Na yi ta buɗe baki tana ƙin fita, shi ya sa na zauna da biro.

Kin tuna ranar da na je kasuwar Rano sayo miki bokiti da robar cin abinci. Abin da na gani ban ba ki shi duka ba. Ina tsaye wajen masu robobi sai ga motar kamfen, an ɗaure mata manyan lasifika a ka, samari sun cika ta har wasu na lilo a jikin ƙofa. Kowa da abin da ya riƙe, mai gora, mai barandami, wani da adda tsirararta yana karta ta a kwalta tana tartsatsi. Idanunsu jajir, ba wanda zai ce miki uwa ce ta haife su ta goya. Kasuwa ta dare biyu. Waƙar da ke tashi daga motar kuwa zuga ce zalla, ana kiran 'yan ɗaya jam'iyyar da sunayen dabbobi, ana cewa a bi ta kan duk wanda ya tare hanya. Can sai kiɗa ya lafa, aka rangaɗa guɗa. Rifkatu, ban san lokacin da bokitin ya suɓuce daga hannuna ba. Guɗar gidanmu ce, mai karyewa a tsakiya kafin ta haye sama, wadda na koya wajen kakarki, ni kuma na koya miki a bakin turmi. Duk ƙasar Rano da Kibiya ba mai yin ta haka sai mu. Ina kallo, guɗar na tashi samarin suka ɗaga makamai sama gaba ɗaya, ɗaya ya diro daga motar ya sauke wa wani mai turin baro gora a ka, don kawai hular kansa kalar ta ɗaya ɓangaren ce. Mutumin ya zube cikin tumatir, mota ta wuce da waƙarta.

Da na dawo na tambaye ki, ba ki ɓoye ba, na kuma gode miki. Kika ce yayanki ne ya kai ki wani ɗakin ɗaukar waƙa lokacin da kika je Kano neman makaranta, amshi kawai kika yi da guɗa, sun yaba muryarki, sun ce da zarar kin dawo birni ki neme su tun da zaɓe ya matso. Kika ce, "Inna, waƙa ce fa kawai, ni ban taɓa kowa ba." Na yi shiru, kika ɗauka shiruna yarda ce. Ba yarda ba ce, kalmar da kika faɗa tawa ce, na daɗe ina faɗa wa kaina ita. Abin da nake roƙonki a takardar nan guda ɗaya ne, kada ki koma ɗakin nan, kada ki sake ba su muryarki. Amma ba zan ce ki bari don na isa ba. Zan gaya miki dalili, in kin ji ki raina ni, ki raina.

Ke kin tashi kin tarar ba na guɗa. An gaya miki ciwon maƙogwaro ne, ni ce kuma na baza wannan magana. Ko ke ma a hankali na koya miki, da murya ƙasa-ƙasa, don na kasa jure ganin abin kakarki ya mutu a hannuna. Maƙogwarona lafiya lau yake. A da kuwa, daga nan har Tarai ba a kai amarya sai an aiko mini, ta Kirista ce ko ta Musulmi. Ranar gayya ni ake sa wa ido. In rana ta take, maza sun yi laushi, fartanya ta fara nauyi, sai in tsaya a bakin gona in saki guda ɗaya, ki ga tsoho ya miƙe kamar saurayi. Na san abin da guɗa take yi wa namiji, na sani sarai. Tana ɗauke masa hanyar komawa baya. Wanda aka yi wa guɗa ba ya iya ajiye abin da ke hannunsa a gaban jama'a, ko da zuciyarsa ta gaji, ko da ta ce masa ya bari. Kuskurena na farko shi ne abin ya yi mini daɗi. Ina jin kaina, in ce ni 'yar ƙaramar mace ina juya ƙarti da harshe. Ban taɓa durƙusawa na tambayi Ubangiji me ya sa ya ba ni wannan murya ba, na ɗauka kwalliya ce kamar tsagar fuska. Ke ki tambaya tun yanzu. Duk baiwar da take sa mutane su motsa, ki ji tsoronta fiye da yadda kike alfahari da ita.

Sai aka shiga shekarun nan da soja suka koma bariki, aka dawo da siyasa, ba a jima ba kuma aka kawo Shari'a. Ke kina ƙarama, ba za ki tuna yadda gari ya sauya ba. Mutanen da muka tashi tare, kakanninmu ɗaya, harshenmu ɗaya, aka wayi gari ana kallon-kallo. Tuwon Sallah ya rage shigowa, shinkafarmu ta Kirsimeti wasu gidajen suka fara dawo da ita a rufe yadda aka kai. Labarin kashe-kashe yana zuwa daga birane, wanda ya je ya dawo sai ya ƙara masa gishiri. Su suna cewa giyar mutanenmu ce ta ɓata ƙasa, mu muna cewa zafin kansu ne. A taron zumuntar mata kuwa ba wadda ta kai ni iya cewa duniya ta lalace. In na tashi magana sai kin ji ana ta amin. Yara ba sa gaida manya, 'yan siyasa suna raba wa samari ƙwaya, an mai da ran mutum kamar na kaza, duk gaskiya ne, ko yau zan maimaita. Amma kullum yatsana waje yake nunawa, birni, ko ƙetaren hanya inda masallaci yake. Ko sau ɗaya ban ɗauka lalacewar za ta iya zama a kan bencinmu na mata, ta ɗaura ɗankwalin zumunta, ta rera waƙar sujada ba. Wannan shi ne kuskure na biyu. In kin ji ana wa'azin mugun zamani kika ji daɗi na ratsa ki don da wasu ake, to ki tashi ki binciki kanki, wa'azin bai shige ki ba tukuna.

A cikin wannan hali satar awaki ta addabe mu. Ba a bar gidan Kirista ba, ba a bar na Musulmi ba. Tawa ma an ɗauke, wata ja mai ciki da nake ji da ita. Kowa ya san masu babura ne suke zuwa, amma mai babur ba ya kamuwa, sai haushi ya taru ya rasa inda zai sauka.

Ranar da abin ya faru da la'asar ne, ana gab da girbin dawa. Akwai wani mai gyartai, irin masu yawo gari-gari suna ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Mutum ne siriri mai furfura jefi-jefi, ya sha zuwa ƙauyenmu, ya taɓa ɗinke mini ƙwaryar fura, amma ko sunansa ban taɓa tambaya ba. Wani ya gan shi ya ratso ta bayan garken wani gida, aka tare shi, aka zazzage jakarsa, aka ga igiya. Shi ke nan shaidar, igiya, a jakar mutumin da ɗinki da ɗauri ne sana'arsa. Kafin ka ce me, samari sun jawo shi bakin rijiya. Abin da har yau na kasa mantawa shi ne, a shekarar da aka daina cin abincin juna, ranar nan ce kaɗai na ga yaranmu da nasu sun haɗa kai a kan abu ɗaya. 'Yan mawaƙan majami'a da masu jan salla a unguwa, kafaɗa da kafaɗa.

Ni ina gida ina tankaɗe na ji hayaniya, ana cewa an kama shi. Na fito da gari a hannu. Lokacin da na isa, abin ya fara sanyi, wannan daga baya na fahimta. Malam Sule mai makarantar allo, tsohon nan da ya rasu kina firamare, ya shiga tsakiya ya buɗe hannuwan rigarsa a kan mutumin, yana cewa a kai shi wajen mai gari, ba wanda ya ga akuya a hannunsa. Babanki ma yana gefe yana ba da baki. Samarin sun tsaya cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara ajiye sandarsa. Ni ban ga wannan ba. Abin da na gani daga bayan taro shi ne yayanki a sahun gaba, saurayi sabon tashi, riƙe da gora, ga ɓarawo a ƙasa. Akuyata ta faɗo mini a rai, alfahari ya cika mini ƙirji, na ce yau ɗana ya zama namiji. Ya waiwayo muka haɗa ido. Yanzu na san neman wanda zai ce masa ya bari yake yi. Ni kuwa na ɗaga kai, na kama hanci, na saki guɗa irin wadda ake yi wa mafarauta in sun dawo da nama.

Ban rufe baki ba gorarsa ta sauka. Sauran suka rufa. Aka ture Malam Sule ya faɗi, rawaninsa ya warware cikin taɓon rijiya. Abin da idona ya gani bayan nan ba zan rubuta miki shi ba, ke da za ki yi aikin asibiti za ki ga irinsa, Allah ya ba ki zuciyar ɗauka. Yaran da na sani tun suna tsumma, waɗanda na yi wa iyayensu guɗa ranar aure, su ne suka koma wasu halittu a gabana, har da masu dariya. Da suka gaji suka watse, babanki da Malam Sule ne suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, aka samu mota ta kai shi asibiti a Rano. Ya yi 'yan kwanaki ya cika. Ko ya taɓa ɗaukar akuyar wani, ko bai taɓa ba, har yau ban sani ba, satar dai ba ta tsaya ba.

'Yan sanda sun zo, suka tarar wai duk garin a gona yake ranar, har da makafi. Mu da muke cewa su maƙaryata ne, su da suke cewa mu arna ne, bakinmu ya zo ɗaya. Ranar Lahadi na yi wanka na tafi sujada. Fasto baƙo ne, bai san komai ba, ya yi wa'azi a kan zubar da jini da ake yi a birane, muka ce amin da ƙarfi. Aka zagayo da jibin Ubangiji na miƙa hannu na karɓa. Ina gaya wa zuciyata ai ban ce a kashe shi ba, ban ɗaga ko tsinke ba, guɗa ce kawai. Kin ji inda na san kalmarki. Yesun da nake bi, shi ma taro ne ya kewaye shi, kuma ba duka ne suka riƙe guduma da ƙusa ba, yawancinsu murya kawai suka bayar. Na sha jin wannan labari duk Ista ina kuka, ina tsine wa mutanen nan, ban taɓa neman inda nake tsaye a cikinsu ba.

Kuskure na uku ya fi daɗewa, don shi kullum nake sake yin sa. Yayanki ɗan fari ne, kin san al'adarmu, ba na kiran sunansa, ba na zama da shi, ba na nuna na damu da shi a gaban mutane. Bayan abin nan ya daina cin abincin kirki, ya daina shiga mawaƙa, in an yanka kaza sai ya bar gidan. Ina gani. Abin da ya kamata shi ne in ja shi ɗaki in ce, ɗana, ni na tura ka, zo mu durƙusa tare mu nemi gafara. Sai na fake da kunyar ɗan fari. Na ce ai ba a san uwa da shiga sabgar ɗanta na fari ba, na bar wa kakarki, ita kuma ta ce iska ce ta taɓa shi, ta yi ta masa turare. Alkunya abu ne mai kyau, ba na zagin ta, amma ni ba ita ce ta hana ni ba, tsoron abin da zai faɗa mini ne. Da aka zo neman samarin da za su bi motocin 'yan takara, shi ne na farkon hawa. Mutumin da ya riga ya yi mai wuyar, me ya rage masa? Sauran kin san shi, kin ga idonsa, kin ga yadda hannunsa yake rawa in bai sha abin da yake sha ba. Ina jin mutane suna cewa birni ne ya lalata shi, in gyaɗa kai.

Saboda haka in kin ƙi zuwa, zai zo miki da faɗa, don ya riga ya yi musu alkawarin ƙanwarsa. Kada ki rufe masa ƙofa, kada kuma ki yi masa wa'azi, ya ƙoshi da shi. Ki ba shi abinci, ki tsaya a kan a'a ɗinki. Ki gaya masa Inna tana neman sa, in ba zai zo ba ita za ta zo bayan an kai amfanin gona gida, tana da maganar da ta makara ba ta yi masa ba. Wannan nauyina ne, ba naki ba. Ke dai abin da zan ce miki, in kin cuci mutum, ko ɗan cikinki ne, ki je da ƙafarki tun abin yana ɗanye.

Na san abin da masu ɗakin waƙar nan za su ce miki. Za su ce kowa na yi, 'yan ɗaya ɓangaren ma suna da mawaƙansu, in ba ki yi ba wata za ta yi. Za su ce ke ce Kirista ɗaya tilo da suka ɗauka, ki ji kin zama wata tsiya. Za ki shiga ɗaki mai sanyi, a sa miki abu a kunne, ki saki murya ba ki ga fuskar kowa ba. Ni ko ba komai na ga wanda na yi wa tawa. Taki an sa ta a waya da mota, tana yawo kasuwa-kasuwa kina aji kina karatu, tana tashi a inda ba ki taɓa takawa ba, a kan mutanen da ba za ki taɓa sanin adadinsu ba. Wadda kika riga kika yi ba ta kamuwa, sai dai mu roƙi jinƙai. Ta gaba ce a hannunki.

Saura abu ɗaya, wanda ko babanki ban taɓa gaya wa ba. Bayan an gama girbi, wata mata ta zo ƙauyenmu daga wajen Lausu, da goyo a bayanta. Matar mai gyartai ce, ta zo karɓar jakarsa da basillarsa da Malam Sule ya adana. Ta biyo ta bakin rijiya ina jan ruwa ni kaɗai, ta ce, "Baiwar Allah, a taimaka mini da ruwa." Na ba ta a guga ta sha, ta shafa wa yaron a fuska, ta zauna a kan dutsen wanki tana hutawa. Ba ta san ni ba. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi kuka ba, magana take yi a hankali irin ta wanda ya gaji. Ta ce ita ta yi jinyarsa, kafin ya rasu bakinsa ya ɗan buɗe, ya ba ta labarin ranar. Ta ce, "Ya ce mini yana kwance ya riga ya sallama, sai ya ji guɗa, ransa ya dawo. Ya ce a zuciyarsa, 'yan biki ne tafe, mata ne, iyaye ne, ba za su bari ba."

Ta gyara goyonta, ta dube ni ta ce, "Bikin wa aka yi ranar?"

Igiyar guga tana hannuna. Na ce mata ba a yi biki ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta gode da ruwa, ta kama hanya.

Rifkatu, mai turin baron nan na kasuwar Rano ma yana da kunne, ya ji ki kafin gora ta same shi. In wayarki ta yi ƙara kika ga su ne, ki tuna akwai wanda yake ƙasa yana saurare.

Ubangiji ya kiyaye ki da rana, ya kiyaye ki a makwancinki. Ya tsare ƙafarki daga taron mugunta, ya tsare bakinki fiye da yadda na tsare nawa. Ya ba ki hannu mai sanyi a kan marasa lafiya, Kirista da Musulmi, na gida da baƙo. Ya waiwayi yayanki, ya gafarta wa uwarku, ya dawo mini da ku gida lafiya. A cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu